Idan an kulle coci, ina Allah yake? Yadda za mu amsa wa yara

Malamar Ƙananan Yara, Wusasa:
Salama gare ku iyaye da malamai. Ina so mu duba wani darasi da yake ba malaman Makarantar Lahadi wuya kowace shekara. Yau mu ce wa yara coci gidan Allah ne, mako mai zuwa mu ce musu Allah yana ko'ina. Ɗan shekara biyar ba ya iya riƙe biyun nan tare. Gida a wurinsa shi ne inda mutum yake kwana, yake ajiye kayansa. Shi ya sa tambayar da take fitowa daga bakinsu ita ce, idan an tashi sujada an sa kwaɗo, Allah yana ciki shi kaɗai har wata Lahadi?

A ganina matsalar ta jeri ce. Muna farawa da gini, alhali shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Ga yadda nake ganin a raba shi mako huɗu ga 'yan shekara 4 zuwa 6. Makon farko Zabura 139:7-10 kawai, labarin kada ya wuce minti goma. Malama ta riƙa kiran wuraren da yaron ya sani, ɗakin kwana da dare an ɗauke wuta, hanyar makaranta, cikin keke mai ƙafa uku, kasuwar Sabon Gari, gadon asibiti, yara suna amsawa da "Yana tare da ni." Mako na biyu Yakubu a Betel, Farawa 28, mutumin da ya kwana a fili ya yi matashi da dutse, ya farka ya gane Ubangiji yana wurin, babu bango babu rufi. Na uku alfarwar sujada ta zamanin Musa da Haikalin Urushalima. Sai a na huɗu mu zo kan cocinmu.

Dattijo, Sabon Gari:
Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Tsarin yana da kyau, amma ina da tsoro ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan yaro ya yi mako uku yana jin Allah yana ko'ina kafin a ce masa komai game da ɗakin sujada, me zai hana ya ɗauka coci da tashar mota duk ɗaya ne? Ku duba abin da ke faruwa yanzu. Ana wa'azi yara suna cin biskit, suna guje-guje har gaban bagade, manyansu suna latsa waya. Yesu da kansa ya kifar da teburan masu canjin kuɗi a Haikali, ya kira wurin gidan addu'a, Markus 11:15-17. Da wurin ba shi da daraja, da bai yi fushi ba. Ni dai a fara da ladabi.

Malamar Ƙananan Yara, Wusasa:
Baba, na ji, kuma abin da kuka faɗa game da biskit da waya gaskiya ne. Sai dai ladabin da aka koya kafin yaro ya san dalili, a bakin ƙofar coci yake tsayawa. Yaron zai nutsu a kan benci, ya fita ya zagi ƙanwarsa a filin ajiye motoci, domin a tunaninsa ya baro Allah a ciki.

Ɗalibin Tauhidi, Samaru:
Baba da Malama, ku ba ni dama in sa baki, domin harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. Kalma uku muke amfani da su kamar ɗaya: coci, majami'a, ikilisiya. Ikilisiya daga kalmar Helenanci ce mai nufin taron mutanen da aka kira, kuma a Sabon Alkawari mutane take nufi, ba a taɓa kiran gini da ita ba. Majami'a a Littafi Mai Tsarki wurin taruwar Yahudawa ne don karatu da addu'a, irin wadda Yesu ya shiga a Nazarat ya karanta littafin Ishaya a Luka 4. Haikali kuma ɗaya ne tak, a Urushalima, can ake miƙa hadayu. Malamai da yawa suna nuna hoton Haikali su ce "cocin Yahudawa," daga nan yaro yake ɗauko duk dokokin Haikali ya ɗora wa ginin cocinsu.

Abin da zai warware wa Baba damuwa yana cikin addu'ar Sulemanu ranar keɓe Haikali, 1 Sarakuna 8:27. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana ginin, shi ne ya tsaya gaban jama'a ya ce sammai ma ba su isa su ɗauke Allah ba, balle ɗakin da ya gina. Duk da haka bai ce ɗakin banza ne ba, ya ci gaba da roƙon Allah ya ji duk addu'ar da za a yi a wurin. Biyun suna cikin babi ɗaya. Ga 'yan shekara 9 zuwa 12, wannan babin ya ishe su darasi guda.

Dattijo, Sabon Gari:
Malam, madalla da wannan aya. Na yarda a haɗa biyun. Amma kada a bar ladabi sai mako na huɗu. A riƙa sa ƙa'ida ɗaya kowane mako tare da dalilinta.

Matar Fasto, Tudun Wada:
Baba ya kawo maganar dalili, to bari in tsaya a nan, domin a nan muke yin ɓarna mafi girma, mu iyaye mata musamman. Kalmar "Allah yana ganinka" mun mayar da ita bulala. Yaro ya sa hannu a tukunya, Allah yana ganinka. Ya yi surutu a coci, Allah zai hukunta ka. Da zarar malama ta zo ta ce Allah yana ko'ina, abin da yaron yake ji shi ne babu wurin ɓuya daga mai duka. Za ku gane irin wannan yaro: ba ya son rufe ido lokacin addu'a, yana tsoron shiga coci idan babu kowa, idan ya yi laifi sai ya ƙi yin addu'ar dare gaba ɗaya.

Maganar Allah mai gani tana da asali, amma ku duba bakin wa ta fara fitowa. Hajara ce a Farawa 16:13, baiwa mai ciki da ta gudu jeji ita kaɗai. A wurinta ganin Allah taimako ne. Don haka shawarata, idan za a faɗa wa yaro Allah yana ganinsa sau ɗaya a kan laifi, a tabbata an faɗa masa sau da yawa lokacin da yake kuka, ko yana zazzaɓi, ko ya yi abin kirki babu wanda ya lura.

Ƙa'idodin ladabi kuma a ba su dalilin da yaro zai iya gani da idonsa. Muna yin shiru domin ana karanta maganar Allah, kuma kaka da ke bayanmu kunnenta ba ya ji sosai. Ba ma cin abinci a ciki domin mun zo saurare ne, ɓarɓashi kuma yana kawo tururuwa. Ba ma hawa bagade domin an keɓe shi don Jibin Ubangiji. Abu mai sauƙi da iyaye suke mantawa: a ciyar da yaro kafin a fito, a kai shi bayan gida kafin a shiga. Rabin rashin ladabin 'yan shekara uku yunwa ce da fitsari.

Katikis, Palladan:
Salama 'yan'uwa. Duk abin da aka faɗa na yarda da shi, sai dai akwai wurin da mu Katolika muke da ƙari, kuma yana da kyau malamai su sani domin yaranmu suna makarantu ɗaya, suna tambayar juna. Mun gaskata cewa Yesu yana nan da gaske cikin Yukaris, wato gurasar Jibin Ubangiji da aka tsarkake, wanda ake ajiyewa a ƙaramin akwati mai makulli kusa da bagade. Fitilar da ke ci kusa da shi dare da rana alama ce cewa akwai Yukaris a ciki. Don haka idan yaronmu ya tambaya ko Yesu yana cikin coci bayan an kulle, amsarmu ita ce e, ta hanya ta musamman, kuma wannan bai hana shi kasancewa tare da kai a gida ba.

Yadda ake koya wa masu shirin karɓar Yukaris na farko, wato daga wajen shekara 7: a bakin ƙofa a taɓa ruwan albarka da hannun dama a yi alamar gicciye, domin tuna baftisma. Kafin a shiga benci a nemi inda fitilar take, a durƙusa da gwiwar dama har ƙasa, a miƙe. Kuskuren da ake yi shi ne a koya durƙuson ba a nuna wa yaro abin da yake durƙusa wa ba, sai ka ga yana durƙusa wa benci, ko yana yi yana kallon baya. A kai su lokacin da babu Mas, wato sujadarmu, a nuna musu fitilar. A kuma kai su ranar Juma'a Mai Kyau su ga akwatin a buɗe babu komai, fitilar a kashe. Ranar ce suke fahimta fiye da kowace rana.

Ɗalibin Tauhidi, Samaru:
Na gode Malam Katikis. A nan mun bambanta, kuma gara a faɗa wa yara a fili da mutunci. Mu a ECWA da Baftis da sauransu muna koyar da cewa kasancewar Almasihu a taro tana rataye ne a kan alkawarinsa na Matiyu 18:20, inda mutum biyu ko uku suka taru da sunansa. Idan an watse, ginin ɗaki ne da aka keɓe, ana kula da shi saboda aikin da aka keɓe shi domin sa. Abin da bai kamata ba shi ne malami ya yi wa durƙuson wasu ba'a a gaban aji.

Malamin Sana'ar Hannu, Kongo:
Tunda Malama ta sa alfarwa a mako na uku, bari in ba da yadda ake gina ta da kayan gida, domin gani ya kori ji. Awon yana Fitowa 25 zuwa 27, da kamu aka ba shi. A ɗauki kamu ɗaya a matsayin santimita 2.

Farfajiya kamu 100 ce a tsawo, 50 a faɗi, wato santimita 200 da 100, kusan girman tabarma babba. A shimfiɗa yashi mai ɗan laima a kan kwali ko katako. Ginshiƙai 60 ne, 20 kudu, 20 arewa, 10 yamma, 10 gabas. A yanka sillen kara santimita 12, biyu su shiga yashi goma su tsaya a sama, tazarar santimita 10 tsakaninsu. A zagaye da farin ƙyalle. Ƙofa ɗaya ce, a gabas, faɗinta santimita 40, a yi ta da ƙyalle mai launi. Bagaden hadaya kamu 5 da 5, tsayi 3, wato 10 da 10 da 6, a yi shi da kwali. Bayansa daron wanka, murfin kwalba mai faɗi ya isa. Alfarwar kanta kwali ne mai tsawon 60, faɗi 20, tsayi 20, a ajiye ta ɓangaren yamma. A rataya labule a ciki ya raba ta, 40 gaba shi ne Wuri Mai Tsarki, 20 baya Wuri Mafi Tsarki. A gaba akwai teburin gurasa 12, alkukin fitilu 7, da bagaden turare. A baya akwatin alkawari kaɗai, kamu biyu da rabi da ɗaya da rabi da ɗaya da rabi. Kwalin ashana biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya a naɗe da takardar gwal, ya yi kusan daidai.

Inda ake kuskure: idan yashin ya bushe ginshiƙai suna faɗuwa, don haka a yayyafa ruwa kafin aji. Kada a manne rufin, a bar shi a iya ɗagawa, in ba haka ba yara ba za su ga labulen ba, kuma labulen ne darasin. Kada a kunna kyandir na gaske a kwali. Kuma kada malami ya gina shi kaɗai a gida ya kawo, a raba yara rukuni huɗu kowanne da sashensa, minti arba'in ya isa idan an riga an yanka karan.

Malamar Ƙananan Yara, Wusasa:
Malam, Allah ya saka. Wace tambaya ake yi musu bayan an gama?

Malamin Sana'ar Hannu, Kongo:
Malama, a ba kowane yaro tsakuwa ɗaya a ce wannan kai ne, ajiye ta inda za ka iya kaiwa. Duk za su so su sa a gaban akwati. Sai a mayar da su baya ɗaya bayan ɗaya: talakan Isra'ila iyakarsa farfajiya, firist ya shiga ɗakin farko, bayan labule kuwa babban firist ne kaɗai, sau ɗaya a shekara, ranar kafara, kuma da jini, Littafin Firistoci 16. A bar su su ji zafin hakan. Sannan a karanta Matiyu 27:51, a ba yaro ɗaya ya yage labulen daga sama zuwa ƙasa, kowa ya tura tsakuwarsa ciki. A ɗan tsaga saman ƙyallen da almakashi tun farko, domin sabon ƙyalle ba ya yaguwa a hannun yaro. A dai bayyana musu cewa labulen da ya yage na Haikali ne, ba na alfarwar Musa ba, tsarin ɗakunan ne iri ɗaya.

Ga manyan yara a yi shi a fili. Kamu kusan santimita 45 ne, farfajiyar ta zama mita 45 da 22 da rabi. A auna da igiya a zana da toka, su shiga da ƙafarsu. Suna mamakin ƙanƙantarta.

Maman Zumunta, Wusasa:
Ina ƙara abu ɗaya ga mu da ke Zariya. Muna da abin nunawa a ƙofar gida. Cocin Bartalamawus Mai Tsarki na Wusasa ginin ƙasa ne irin na Hausa, tun 1929, lokacin da aikin mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan, ya tashi daga cikin birni, inda ɗan mishan Likita Miller ya zauna tun 1905, ya dawo nan. Yaron da yake ganin coci dole sai da kwano da gilashi da janareto, ku nemi izinin shugabannin wurin ku kai shi ya taɓa bangon da hannunsa. Da irin ƙasar da aka gina gidajen kakanninsa aka gina shi. Daga nan a tambaye shi, su waye suka kwaɓa ƙasar, kuma kafin a gama ginin ina suke sujada? Da kansa zai ce ai masu bi sun riga ginin zuwa. A nuna masa Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan teburin karatu, a faɗa masa a 1932 aka fara buga shi cikakke da harshenmu.

Kada a kai fiye da yara goma sha biyar a lokaci ɗaya, da manya biyu. A tsaya wuri huɗu kawai: ƙofa, wurin baftisma, mimbari, bagade. A kowanne tambaya ɗaya ce, me mutanen Allah suke yi a nan? Kada a tambaya wane ne yake zaune a nan.

Matar Fasto, Tudun Wada:
Mama, akwai tambayar da yaranmu suke kawowa daga unguwa, tunda da 'ya'yan maƙwabta Musulmi suke wasa. Suna cewa me ya sa su suna cire takalmi a masallaci mu ba ma cirewa, alhali an ce wa Musa ya cire nasa a Fitowa 3:5. Amsar da nake ganin ta dace ita ce, maƙwabtanmu suna sa goshi a ƙasa a wurin, suna kiyaye tsabtarsa, wannan hanyarsu ce ta girmamawa kuma abin mutuntawa ne. Akwai ma Kirista da suke cirewa, kamar na Habasha da Kibɗawan Masar. Mu muna nuna tamu da shiru, da tufa mai tsabta, da tsayawa lokacin karatu. A haɗa da tarbiyya a aikace: ba a bi ta gaban mai salla, ba a buga ƙwallo a jikin bangon masallaci, ba a kwaikwayon kiran salla don wasa.

Dattijo, Sabon Gari:
Wannan daidai ne ɗiyata, haka aka rene mu da maƙwabta. To amma ga tambayata ta ƙarshe. Matashin da ya ji duk wannan, ya zo ya ce tunda Allah yana ɗakina ba sai na je coci ba, me za a ce masa?

Ɗalibin Tauhidi, Samaru:
Baba, a buɗe masa 1 Korantiyawa 3:16 da Hausa. Mun yi sa'a harshenmu yana raba "kai" da "ku," kuma ayar da "ku" take magana, jama'ar gaba ɗaya ce haikalin Allah. Bitrus ma ya kira masu bi duwatsu masu rai da ake gina gida da su, 1 Bitrus 2:5. A ba shi bulo ɗaya a ce ya shiga ciki ya fake daga ruwa. Akwai kuma abubuwan da mutum ba ya iya yi wa kansa: baftisma, Jibin Ubangiji, ɗaukar nauyin juna. Ibraniyawa 10:25 ta hana barin taruwa, kuma an rubuta ta ne a lokacin da masu bi ba su da gini ko ɗaya, a gidaje suke haɗuwa kamar gidan Akila da Bilkisu a Romawa 16:5. Sojojin Roma sun rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, taruwar masu bi ba ta tsaya ba.

Maman Zumunta, Wusasa:
Wannan na gidaje ku riƙe shi da kyau. Akwai ranakun da ba a iya fita, dokar hana fita, rashin lafiya, ko irin rufe wuraren ibada na 2020 lokacin korona. Yaron da bai taɓa ganin sujada a gida ba, ranar sai ya ɗauka an yanke su daga Allah. Kowane gida ya saba da minti goma sha biyar da yamma: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ayoyi biyar zuwa takwas yaro ya karanta, kowa ya faɗi abu ɗaya na godiya, a rufe da Addu'ar Ubangiji. A kashe talabijin, a ajiye wayoyi a wani ɗaki. Idan an ja ta fiye da haka ƙananan suna barci, manyan su fara neman hanyar zillewa. Labaran da suka dace da irin ranakun nan su ne Daniyel da yake addu'a sau uku a rana a ɗakinsa na bene a Babila, da Bulus da Sila suna waƙa a kurkukun Filibi da tsakar dare.

Malamar Ƙananan Yara, Wusasa:
Na gode iyayena. Zan gyara tsarin, ƙa'idar ladabi ɗaya da dalilinta kowane mako kamar yadda Baba ya ce, ziyarar ginin a mako na huɗu. Malam na Kongo, karan za a iya ajiye shi har shekara mai zuwa?

Malamin Sana'ar Hannu, Kongo:
Za a iya, idan na bayan girbi ne da ya bushe sarai. A zare shi daga yashin ranar da aka gama, a shanya kwana biyu, a ɗaure goma-goma a sa a bokiti mai murfi a ɗora shi a sama. Idan aka bar shi a ƙasan ɗakin ajiya, gara za ta cinye shi kafin damina ta wuce. Labulen kuwa sai sabo kowace shekara, don haka a yanka uku ko huɗu tun yanzu daga ƙyalle ɗaya.